Amsa ga mai son ɗaukar hoton 'ya'yan mujiya

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce farar mujiya ta yi ƙyanƙyasa a tsohon rumbun gidanku can wajen Ringim, kana son ka bi 'ya'yan da hoto har su tashi, kuma waya kaɗai gare ka. Na taɓa bin irinsu a kogon wata kuka a gonarmu da ke ƙasar Kafin Hausa.

Kada bambancin girmansu ya tayar maka da hankali. Mujiya tana yin ƙwai ɗaya duk bayan kwana 2 ko 3, kuma tun na farko take hawa kwanci, kusan kwana 30 kowanne ya fashe. Shi ya sa babban ya fara fidda gashin fiffike, autan ko ido bai buɗe ba.

Makonni 3 na farko ka bar su. Uwar na kansu, kuma ga hunturu. In ka tashe ta, sanyi ne zai kama ƙananan. Babu ma abin ɗauka sai farin gashi dunƙule cikin duhu. Hoton kirki sai wajen mako na 7 zuwa na 8, lokacin da suke fitowa bakin rumbu da magariba su jeru, suna karkata kai, suna wani huci mai kama da minshari. Ka riga su zuwa tun la'asar sakaliya, ka zauna bayan zana da ɗan nisa, yamma na bayanka. Waya ba ta son ƙarancin haske, don haka ka ɗaure ta a jikin dirka ko ka jingina ta da dutse, ka saita ta ɗauka da kanta bayan 'yan daƙiƙu. Filasha kuwa kashe shi. Idan duhu ya yi, tashi kawai. Ni na fi samun abin nunawa daga bidiyo, in yanko hoto daga ciki, domin isowar uban da ɓera ko jaba a baki ƙiftawar ido ce.

Amma abin da ya fi damuna ba kyamara ba ne, idon jama'a ne. Ka san yadda muke da mujiya. Yara suka ga kana sintiri wajen rumbun nan, gobe da danƙo za su zo, wani kuma ya kwashe su ya kai wa masu magani. Kada ka ɗora hoton a Facebook sai sun tashi, kada kuma bangon gida ya fito. Ka sami mai gida ka yi masa magana ta fuskar hatsinsa: tsuntsuwar nan ɓerayen da ke masa ɓarna take kwashewa duk dare. Ka roƙe shi a dakata da maganin ɓera, don ɓeran da ya ci guba yana iya kashe wanda aka ciyar da shi.

Idan ka tsinci ɗaya a ƙasa, mayar da shi cikin rumbun kafin magariba, ka naɗe hannu da tsumma saboda farce. Irin wannan mujiya ba ta cika ciyar da wanda ya faɗo ba, kuma taɓawarka ba za ta sa ta ƙi shi ba. Bayan sun fara tashi ma za su yi 'yan makonni suna komowa wurin, to kada a yi saurin rushe rumbun ko sake masa jinka.