Komai Nisan Jifa... To, Kumbon da Bai Dawo Ba Fa?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: "Malam, Bahaushe ya ce komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Yanzu ga taurarin ɗan'adam an harba sama suna ta yawo shekara da shekaru. Shin karin maganar nan ba ta tsufa ba?"

Ɗan'uwana, wannan tambaya ta yi mini daɗi ƙwarai. Da farko, karin maganar ba a kan dutse take ba, a kan mutum take. Ana faɗinta ga mai aikata ɓarna da ke ganin ya sha, ko ga wanda muƙami ya ɗaga har ya manta da mafarinsa. Nufin shi ne, komai daɗewa, al'amari zai kai ƙarshensa.

Amma ko da za mu ɗauke ta a zahirinta, kimiyya ta fi gaskata ta fiye da ƙaryata ta. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa tana shawagi a tazarar kimanin kilomita 400, tana gudun kusan kilomita 28,000 a awa, tana zagaye duniya cikin kamar minti 90. Masana sun ce faɗowa take yi kullum, sai dai tsananin gudunta ya sa ƙasa ke lanƙwashewa a ƙarƙashinta kafin ta iso. Duk da haka 'yar iskar da ke can tana rage mata gudu, don haka lokaci-lokaci ake kunna injina a ƙara tura ta sama. Tashar Skylab ta Amurka ta faɗo a 1979, Mir ta Rasha kuma an sauko da ita cikin tekun Fasifik a 2001. Ita ma ta yanzu, a 2024 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta ba kamfanin SpaceX aikin ƙera abin da zai sauko da ita idan wa'adinta ya cika.

Abin da ya fi burge ni a shekarun nan shi ne, mutane sun koyi yadda jifan zai faɗo ba tare da ya farfashe ba. A Disambar 2015 gindin rokar Falcon 9 ya dawo ya sauka a tsaye. A Oktoban 2024 kuma wata hasumiya mai hannuwa biyu ta cafe gindin rokar Starship tun bai taɓa ƙasa ba.

Akwai togaciya, ba zan ɓoye ba. Kumbon Voyager 1 na Amurka da aka harba a 1977 ya yi gudun da ya kuɓuce wa jan duniya da na rana, ba zai dawo ba. Wannan jifa ne da ya fi ƙarfin kakanninmu, amma bai taɓa ma'anar da suke nufi ba.

Wata ɗaliba kuma ta tambayi bambancin roka, kumbo da tauraron ɗan'adam, domin takan ji ana cakuɗa su a labarai. 'Yata, roka ita ce mai wutar da ke ɗaga kaya sama. Kumbo shi ne abin hawan da ke tafiyar, da mutane a ciki ko babu, kamar Chandrayaan-3 na Indiya da ya sauka kusa da kudancin wata a Agustan 2023. Tauraron ɗan'adam kuwa shi ne wanda aka ajiye a falaki yana zagaye, yana aikin sadarwa ko hasashen yanayi. Na farkonsu Sputnik ne, a 1957. Ina son sunan nan na tauraron ɗan'adam sosai, domin ya bambanta ƙirar mutum da taurarin Allah irin su Kaza da 'Ya'yanta.

Ta ƙara da tambayar ma'anar sunan 'yan sama jannati. Jannati daga Larabci take, tushenta ɗaya da aljanna, amma babu mai nufin Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, ya je aljanna a 1961. Kururutawa ce ta nisa, wato saman da ya wuce inda jirgi ke iya kaiwa. Mace ana ce mata 'yar sama jannati, kuma ta farkonsu Valentina Tereshkova ce, a 1963.