Amsa: Yadda za a nuna wa yara launin yanayi da sajewar tsuntsu

Wa alaikumus salam, Malama. Kin tambayi yadda za ki koya wa yara 'yan shekara 6 zuwa 9 sauyin launin tsirrai da yadda tsuntsu ke ɓuya a cikinsu, alhali ba kayan aiki. Shawarata ita ce a fara da wasa a fili, bayani ya biyo baya, domin abin da yaro ya nema da idonsa ya rasa, ba ya mantawa da shi.

Ki samu zaren ulu kala biyar: kore, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa, ja da fari. Ki yanka guda 20 na kowace kala, tsawon santimita 5, ɗari ke nan. Ki auna fili taku goma ta kowane ɓangare a cikin ciyawa, ki watsa zaren yara ba sa kallo. Sai ki ce su ne shaho, zaren kuwa 'yan tsuntsaye, ki ba su daƙiƙa 30 kacal, kowa na tsintar ɗaya-ɗaya yana kawowa. A ƙirga a rubuta. Ja da fari za su fara ƙarewa, wanda ya dace da ciyawar shi zai rage. Sirrin darasin kuwa shi ne maimaitawa a wuri guda: da damina kore ne zai tsira, idan ciyawa ta bushe sai ruwan ƙasa ya karɓe shi. Ki adana takardar ƙirgen farko, su kwatanta da kansu.

Inda ake yawan samun matsala shi ne tsawaita lokaci. Idan aka ba su minti biyar za su tsince komai, bambancin ya ɓace. Haka in ciyawar ta yi gajarta ko an share wurin. In kin ga yaro kullum yana tsallake ja a cikin kore, kada a yi masa faɗa, akwai masu wahalar bambance kalolin nan biyu tun haihuwa, galibi maza. Bayan an gama a kwashe ragowar zaren tas, don yana naɗe ƙafar tsuntsu.

Daga nan sai a koma kan tsuntsayen gaske. Yautai yakan kwanta a ƙasa da rana cikin busassun ganye, gashinsa ɗige-ɗige, sai an kusa taka shi yake tashi. Fakara ma haka. Ki ja hankalinsu ga abu biyu: zanen jikin da ke wargaza siffar tsuntsun, da kuma tsayawa cak, don ko launi ya dace, motsi kaɗan kan tona asiri. Namijin zalaidu kuwa akasin haka yake yi, lokacin hayayyafa yakan fito da doguwar jela da kala mai ɗaukar ido, macen tana nan da ruwan ƙasarta. Lokacin na wucewa sai ya zubar, ya koma kamarta.

Kuskuren da ya kamata ki tare tun da wuri shi ne zaton tsuntsu na juya launi nan take irin na hawainiya. Tsohon gashi ne ke zuba, sabo ya tsiro cikin makonni. A ƙasashe masu ƙanƙara kamar Sikotilan da Kanada akwai tsuntsu dangin fakara mai suna ptarmigan, ruwan ƙasa ne lokacin zafi, fari fat lokacin sanyi, kuma sauyin tsawon yini ne ke tayar da zubar gashin. Hoto biyu nasa sun wadatar.

Ganye kuwa, a zaɓi bishiya ɗaya, kowane wata a manna ganyenta guda a littafi da kwanan wata. A danne shi tsakanin takardu na mako guda tukuna, in ba haka ba zai yi fumfuna ya ɓata shafin.