Tambaya da Amsa: Masaukin matasa mai araha a Barlin ga wanda ba ya shan giya

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Kano ne, shekaruna 26, ina aiki a wani shagon kayan waya a Jidda, kuma shekara uku ke nan ina tara 'yan riyalolina domin in ga Turai a lokacin hutu. Na zaɓi Barlin, babban birnin Jamus, amma kuɗin otal ya fi ƙarfina. Wani abokin aikina ya ce in nemi masaukin da ake kira hostal, inda matafiya masu jakar goyo suke kwana ɗaki ɗaya, wai a nan ake yin abokai, a nan kuma ake sanin daren gari. Ni kuwa ba na shan giya, ba na wasa da salla, amma ba na so in je in kulle kaina a ɗaki da zarar magariba ta yi. Shin wurin ya dace da irina? Daga mai karatu a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Wurin ya dace da kai, da sharaɗin kai ne za ka zaɓi masaukin da idonka a buɗe, kada araha ta zaɓa maka. Tun da kana zaune kusa da Makka, tsarin ba zai zama baƙo gare ka ba, domin ya yi kama da masaukin alhazai a lokacin aikin Hajji: gado kake biya ba ɗaki ba, mutum huɗu ko shida ko takwas a ɗaki guda a kan gadaje masu hawa biyu, banɗaki na kowa da kowa, kicin ma haka. A Jamus ɗin ma aka fara abin. Wani malamin makaranta mai suna Richard Schirrmann, wanda yake fita yawon ƙafa da ɗalibansa suna rasa wurin kwana, shi ne ya buɗe masaukin matasa na dindindin na farko a tsohuwar fadar Altena a shekarar 1912. Asalinsa ke nan, wurin kwanan yara masu neman sanin ƙasa.

Sai dai a yau hostal iri biyu ne, kuma dukansu suna cikin Barlin. Akwai wanda aka gina kasuwancinsa a kan shagali, da mashaya a hawan ƙasa, kowane dare kuma ma'aikatansa su tara baƙi su zagaya da su daga wannan mashaya zuwa waccan har gari ya kusa wayewa. Wannan ba naka ba ne ko da kyauta aka ba ka gadon. Akwai kuma wanda zuciyarsa kicin ce da zauren hira, inda ake shirya cin abincin dare tare da fita zagayen gari a ƙafa da rana. Hotunan da masaukin ya sa a intanet su ne za su nuna maka ko wanne ne: idan kofunan giya sun fi tukwane yawa, ka wuce. Ka karanta abin da waɗanda suka kwana suka rubuta, musamman masu ƙorafin hayaniya. Ka kuma lura cewa a yawancin waɗannan wurare maza da mata ɗaki ɗaya suke kwana, sai wanda ya nemi akasin haka. Ɗakin mata zalla ya yawaita, na maza zalla kuwa bai kai shi samuwa ba, saboda haka ka rubuta musu ka tambaya kafin ka biya ko sisi. Masaukan DJH, wato ƙungiyar masaukan matasa ta Jamus, wadda ta gaji aikin malamin da na ambata, sun fi natsuwa kuma galibi suna raba maza da mata, amma sai da katin zama ɗan ƙungiya, wanda baƙo yake iya saye a wurin.

Bari in tsaya a kan kicin, domin a can ne abin da kake nema yake. Na taɓa kwana biyar a wani ƙaramin hostal a unguwar Kreuzberg. A dare na biyu na sayo shinkafa da tumatir da albasa da naman kaza daga shagon Turkawa, na ɗora dafa-duka, na fito da ƙullin yajin da na zo da shi daga gida. Kafin tukunyar ta tsotse, mutum biyar sun kewaye teburin: wata malamar asibiti daga Koriya, samari biyu daga Ajantina, da wasu dattawa mata da miji da suke zaga Turai a kan keke. Ɗaya daga cikin samarin ya lakaci yajin da ɗan yatsa, ƙwalla ta cika masa ido, ya miƙo farantinsa a ƙara masa. Muka kai ƙarfe goma sha biyu muna hira a kan shayi, suna tambayata yadda ake ɗawafi da yadda zafin Makka yake a tsakar rana. Ka tafi da yajinka da ganyen shayinka, ka rubuta sunanka a jikin duk abin da ka sa a firij, ka wanke kasko da kanka kafin ka yi amfani da shi, domin wanda ya riga ka yana iya soya naman alade a ciki. Ba zan ɓoye maka ba, a kicin ɗin ma wani zai iya buɗe kwalbar giyarsa, kai kuma ka san abin da malamanmu suka karantar game da zama a teburin da ake shan ta. Idan hakan ta faru ka ɗauki kofinka ka koma wani gefe cikin ladabi. Tun daren farko ka faɗa a fili cewa kai Musulmi ne ba ka sha. A abin da na gani, wanda ya faɗa sau ɗaya ba tare da kame-kame ba, da wuya a sake miƙo masa.

Salla tana buƙatar shiri. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Barlin sai wajen tara da rabi na dare, ta kuma fito kafin biyar na safe, a Disamba kuwa kafin huɗu na yamma ta faɗi. Alƙibla tana kudu maso gabas. Ka nemi gadon ƙasa, ka sa wayarka ta girgiza maimakon ƙara, ka kuma tambayi mai kula da masaukin wani lungu mai tsabta da za ka shimfiɗa darduma. Ni a ƙarshen wata baranda nake yin Asuba, a daidai lokacin da masu shagali suke lallaɓowa ɗaki. Banɗakunansu ba su da mesar tsarki irin ta Saudiyya, don haka ƙaramar buta ko gorar ruwa ta zama dole, haka nan silifas da tawul da kwaɗon da za ka kulle akwatin ajiyarka. Ranar Juma'a ka je masallacin Şehitlik da ke titin Columbiadamm, mai hasumiya biyu irin ginin Turkawa.

Game da daren gari, tun 1949 aka soke dokar lokacin rufe mashaya a Barlin ta Yamma, shi ya sa gidajen rawarta suka yi suna, har wasunsu ba sa rufewa daga daren Asabar zuwa safiyar Litinin. Waɗannan ba su ne dukan daren ba. Titin Sonnenallee a unguwar Neukölln, wanda Larabawan can suke kira Shari'ul Arab, cike yake da gidajen shawarma da kunafa da gahawa, Larabcinka na Jidda kuma zai yi maka aiki a can fiye da Turanci. Kusa da masallacin da na faɗa akwai tsohon filin jirgin Tempelhof, wanda aka rufe a 2008 aka mayar da shi dandali, inda mutane suke zama a kan ciyawa har rana ta faɗi. Hawa ƙubbar gilashi ta ginin majalisar dokoki kyauta ne kuma ana shiga har da dare, amma sai ka yi rajista tun da wuri. Ka gayyaci abokan kicin zuwa waɗannan wurare, za ka tarar da yawansu sun gaji da mashaya. A daren Juma'a wayewar Asabar da daren Asabar wayewar Lahadi yawancin jiragen ƙarƙashin ƙasa suna kwana suna aiki, sauran darare kuma akwai motocin dare. Ka buga tikitinka a na'ura kafin ka shiga jirgi, domin tarar wanda bai buga ba Yuro 60 ce.

Abu ɗaya nake roƙonka da babbar murya. Jamus ta sassauta dokar tabar wiwi ga manya a Afrilun 2024, za ka kuwa ji warinta a wuraren shaƙatawa. Kada ka karɓi ajiyar kowa, kada ka bar jakarka a buɗe, domin Jidda za ka koma kuma ka san hukuncin ƙwaya a Saudiyya. Ka nisanci lambun Görlitzer da dare, wurin ya yi ƙaurin suna da dillalai, matashi baƙar fata kuma yana iya shan tambayoyin 'yan sanda a can ba tare da ya yi komai ba. Lambar neman agaji ita ce 112. Batun takardu gajere ne: bizar Shengen, wadda ake shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai da ita, kuɗinta Yuro 90, tana buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 da shaidar masauki, sannan ka tabbata iƙamarka, wato takardar zamanka a Saudiyya, da izinin huruj wa auda, wato na fita da dawowa, za su wuce ranar dawowarka.

TAMBAYA: Malam, 'yata tana karatu a Turai, ta ce za ta je Barlin da ƙawayenta biyu su kwana a irin wannan masauki. Hankalina bai kwanta ba. Daga wata uwa a Shara Mansur, Makka.

AMSA: Hajiya, damuwarki a kan hanya take. Tun da su uku ne, su kama ɗaki mai gado huɗu su biya shi gaba ɗaya, mai banɗaki a ciki, idan aka raba kuɗin ba zai yi nisa da na gadon haɗaka ba, mabuɗin kuma yana hannunsu. Su zaɓi masaukin da ake samun ma'aikaci a teburin karɓar baƙi dare da rana, kusa da tashar jirgi, ta kuma turo miki sunansa da lambar wayarsa kafin su tashi.