Amsa ga ɗan uwan da kilas da objek suka rikita a ajin yamma

Wa alaikumus salam. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Ka ce ka shiga ajin yamma na wata uku na koyon Java, yaren rubuta firogiram na kwamfuta, makonnin farko lafiya lau kana biye, amma tunda malamin ya shiga OOP, wato salon tsara firogiram da kilas da objek, kanka ya ɗaure, har kana tunanin ko ka ajiye ka koma yaren Python tunda an ce maka ta fi sauƙi. Ɗan uwa kar ka ajiye tukuna, wallahi a wannan wajen ni ma na taɓa maƙalewa, bari in ba ka labarin yadda nawa ya kasance ko za ka tsinci wani abu.

Ni lokacin ina aikin shago ne da rana, ajinmu Talata da Alhamis, biyar da rabi zuwa bakwai da rabi, a tsakiya a tashi a yi Magariba, ka ga ashe awa biyun ma ba cikakku ba ne. Ka zo a gajiye, ga cunkoson hanya, wani lokacin a ɗauke wuta sai an jira an tada janareta. Sati huɗun farko ina jin kaina gwani saboda if da for da lissafi duk suna shiga, ranar da malam ya rubuta Animal a allo ya ja kibiya zuwa Dog da Cat ya ce kare yana gadon dabba, sai na ji kamar an canza min yare. Na haddace ma'anonin ginshiƙan OOP guda huɗu tsaf, killacewa, gado, folimofizim da abstirakshan, in aka tambaye ni zan zubo su kamar karatun allo, amma ka ba ni fanko ka ce in rubuta kilas ɗaya da kaina sai in zauna ina kallon sikirin.

Abin da ya fara buɗe min kai misalin tanda ne, wani ɗan ajinmu ya kawo shi muna alwala. Tanda ita ce kilas, wainar da ke fitowa ita ce objek, tanda ɗaya waina ɗari, kowacce da siffa iri ɗaya amma wata ta ƙone wata ta yi daidai, kuma ba wanda ke cin tanda. Kalmar new ɗin nan da kake gani ita ce zuba ƙullu. Misalin ya taimaka amma iyakarsa ke nan, domin waina ba ta aikata komai, shi kuwa objek yana riƙe bayani kuma yana da ayyukan da yake yi.

Inda abin ya zauna min sosai shi ne da na daina bin kare da kyanwa na ɗauko abin da na sani tun ina yaro. Mahaifiyata uwar adashi ce, mata goma, zubin dubu biyar duk sati, mai kwasa ta ɗauki dubu hamsin, komai a wani tsohon littafi take rubutawa. Na ce bari in mayar da littafin nan firogiram. Na zauna da biro da takarda, ban ma kunna laftof ba, na tambayi kaina su waye a cikin harkar nan, kowa me ya sani, kuma me yake yi. Sai ga mamba, tana da suna da lambar layin kwasa da jimillar abin da ta zuba, aikinta ta yi zubi. Sai ga adashin kansa, yana riƙe jerin mambobi da kuɗin da ke akwati da satin da ake ciki, aikinsa karɓar zubi da fitar da kwasa. Shi ke nan kilas biyu sun fito, Mamba da Adashi, ba wanda ya koya min su.

Daga baya ma na karanta cewa asalin tunanin ke nan. Wasu mutum biyu a Norway, Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard, su suka fito da kilas da objek a yaren Simula na 1967, kuma don kwaikwayon abubuwan duniya a kwamfuta suka yi shi, irin su layin jira da zirga-zirga. Java sai 1995 ta fito ta tarar da abin. To ka ga tun farko don siffanta abin da mutum ya sani aka yi shi, kai kuma ana ba ka misalin da bai dame ka ba, dole ya yi maka nisa.

Yanzu bari in faɗa maka kunyar da na sha, don kar ka maimaita. Ina rubuta komai a cikin main, wato inda firogiram ke fara aiki, sai kwamfaila, mai fassara wa kwamfuta abin da ka rubuta, ta riƙa yi min jan rubutu wai ba za a iya taɓa abin da ba static ba daga wajen da yake static. Ni kuma ban tsaya fahimta ba, duk inda ta yi ƙorafi sai in liƙa static, jan rubutu ya ɓace, na ji daɗi. Da na gwada, kowacce mamba ta zuba dubu biyar, na duba ta farko sai na ga dubu hamsin, ta biyu dubu hamsin, har ta goma. Kwana biyu ina neman inda lissafi ya karkace, alhali lissafi lafiyarsa ƙalau. Ashe static na nufin abin na tanda ne ba na waina ba, wato guda ɗaya ne tal duk mambobin ke rabawa, sai ya zama duk jaka ɗaya suke zubawa kuma kowacce na cewa tata ce. Ranar da na gane wannan na cire static ɗin, ranar na san bambancin kilas da objek da gaske, ba ranar da na haddace ba. Irin wannan ma NullPointerException ta yi min, wato kuskuren da ke fitowa in ka kira objek ɗin da babu shi, na ware gurbin mamba goma a jeri amma ban yi new ga ko ɗaya ba, kamar ka shimfiɗa tabarma goma ba kowa a kai kana ta kiran suna. Sannan in za ka kwatanta sunaye biyu a Java ka yi amfani da equals, kar ka sa ==, wannan ma ya cinye min dare guda.

Killacewa kuwa, wato sa private, Hajiya mahaifiyata ce ta koya min ba tare da ta sani ba. Akwatin kuɗin adashi ba mai sa hannu a ciki, ko 'yar uwarta ce sai ta biyo ta wajenta, ita za ta ƙirga, in kuɗin bai cika ba ta mayar, in ya cika ta rubuta. To haka za ka sa kuɗin akwati private, ka buɗe ƙofa ɗaya mai suna karɓiZubi wadda za ta duba kafin ta ƙara. In ka bar shi a buɗe, wani ɓangare na firogiram ɗin zai iya mayar da shi ƙasa da sifili kai ba ka sani ba. Folimofizim ma sunan ne mai ban tsoro, wata da tsabar kuɗi take biya, wata taransifa, wata ta wajen mai POS inda akwai caji, duk biya ake ce musu amma kowacce da yadda take yi, shi Adashi kawai cewa yake biya bai damu da hanyar ba.

Gado dai ka yi hankali da shi. Da na koye shi komai sai na ce ya gaji wani, har na sa Adashi ya gaji Mamba, shirme tsagwaronsa, adashi ai ba mamba ba ne, mambobi yake da su. Kafin ka rubuta extends, kalmar da ake yin gado da ita a Java, ka tambayi kanka, wannan irin wancan ne ko kuwa yana da wancan ne. Yawanci na biyun ne.

Maganar komawa Python, ni ban ga amfaninsa yanzu ba. Can ma kilas ɗin na nan yana jiranka, da kalmominsa irin su self da __init__, rubutun ne kawai ya fi gajarta. Ka riga ka biya kuɗin aji kuma kana da malamin da za ka tare da tambaya, ka ƙarasa, in ka gane a Java komawa Python sati ɗaya zuwa biyu ne. Abin da zan ce ka sauke shi ne BlueJ, kyauta ne kuma don masu koyo aka yi shi, zai nuna maka kilas a matsayin akwati, ka danna ka ƙirƙiri objek ya fito ja a ƙasa, ka buɗe cikinsa ka ga abin da ya riƙe, ba sai ka rubuta main ba. Da na san shi da wuri da static bai wahalar da ni haka ba.

Sai kuma tazarar Alhamis zuwa Talata, nan ne karatu ke zubewa. Ni minti talatin nake ɗauka bayan Asuba kafin in fita shago, lokacin batir na da caji kai kuma bai gaji ba, kuma da hannuna nake bugawa, ba kwafi daga guruf ɗin aji ko wajen AI ba, don in ka kwafa yana aiki amma ba ka san dalili ba, ranar gwaji kuma a takarda aka ba mu.

Ka faɗa mana sana'ar da kake yi da rana, ko shago ne ko ɗinki ko gyaran waya, ka fitar da kilas biyu daga ciki a takarda ka ɗauki hoto ka turo nan, zan duba maka in sha Allahu, sai dai ba na samun amsawa sai bayan Isha'i. Hajiya dai har yau littafinta take amfani da shi, ta kalli firogiram ɗin sau ɗaya ta ce littafi ba ya neman caji.