Hukuncin zuba jari a kamfanonin biyan kuɗi ta waya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Gumel. Bana na sayar da riɗi, ɗan abu ya rage a hannuna. Ɗan ƙanina yana ta matsa mini in zuba a kamfanonin nan da ake biyan kuɗin wuta da sayen kati ta waya. Ya ce kishiyoyin banki ne, don haka babu kuɗin ruwa a harkarsu. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa albarka a abin da ka samu.

Maganar ɗanka ba hujja ba ce. Gaskiya ne irin su OPay da PalmPay da Moniepoint sun janye wa bankuna mutane, musamman tun wahalar takardun kuɗi ta farkon 2023, lokacin da mai kayan miya ma ya koma karɓar taransfa. Amma shari'a ba ta tambayar da wa kake gasa, tana tambayar ta ina ribarka take shigowa. Moniepoint ma lasisin ƙaramin banki gare shi.

Asalin aikinsu halal ne. Ka ba su kuɗi su kai wa kamfanin wuta na KEDCO, su cire ladansu, wannan wakilci ne da lada, kuma malamai sun halatta shi. Haka mai POS da ke zaune bakin kasuwa, matuƙar ya faɗi ladansa kafin a yi aikin.

Damuwar ita ce da yawansu ba su tsaya nan ba. Suna ba da bashi da ƙari, suna kuma kwaɗaita wa mutum ya ajiye kuɗi a manhaja ya riƙa ganin ƴan nairori suna hauhawa kullum. Idan wannan ajiyar ɗanka yake kira zuba jari, to haramun ce: bashi ka ba su, uwar kuɗinka tana nan lamunce, ga ƙari an yanka maka. Allah ya halatta ciniki ya haramta cin kuɗin ruwa a aya ta 275 cikin Baƙara, kuma hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito ya haɗa mai ci da mai bayarwa da marubuci da shaidu biyu a cikin tsinuwa.

In kuwa hannun jari ne na haƙiƙa, a ci riba tare a yi asara tare, akwai saɓani kan kamfanin da aikinsa halal ne amma ya gauraya da kuɗin ruwa. Majalisar Fiƙihu ta Jidda, a matsayarta ta 1992, ta ce asali haramci ne. Hukumar AAOIFI ta Bahrain, mai tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci, ta sassauta da sharaɗin kada bashin ruwan da ke kan kamfanin ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajarsa, kada kuɗin haram ya wuce kashi 5 na abin da yake samu, kuma a fitar da wannan kason a ba mabuƙata. Ni na fi karkata ga hani a wurinka, domin ba ka da hanyar ganin littafin lissafinsu, sharaɗin da ba za ka iya tantancewa ba kuwa bai zame maka mafita ba.

Sannan ka bincika wa zai karɓi kuɗin. Waɗannan kamfanoni ba sa tallan hannun jari a zauren WhatsApp. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari ka riƙa karɓar dubu ashirin duk wata, ka tuna da MMM, tsarin da ya yi wa mutane irin wannan alƙawari ya kuma riƙe musu kuɗi a ƙarshen 2016, ka kuma nemi shaidar rajistarsa da hukumar SEC mai kula da harkar hannun jari a Najeriya.

In yaron mai amana ne, ka saya masa na'urar POS ka ba shi jari bisa ƙiradi, ku yanka rabon riba, rabi da rabi ko yadda kuka daidaita, asara kuma a kan jarinka in ba sakaci ya yi ba. Ku rubuta, ku sa shaidu. Ragowar ka ajiye a asusun da ba ya ƙari, ko a bankin da ba ya harkar ruwa irin Jaiz ko TAJ.

Wallahu a'alam.