Amsa: Ma'anar kalmar "monger" da asalinta

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa ake ce wa mai kifi "fishmonger", kuma ake ce wa mai rura wutar yaƙi "warmonger". Kalmar "monger" ɗan kasuwa take nufi, mai sayar da kaya iri guda. Turawan Ingila suna furta ta kamar "manga".

A tsohon Ingilishi "mangere" ce, daga kalmar Latin "mango", wato dillali, musamman na bayi, wanda ya iya gyara haja ta yi kyau a idon mai saye. A Latin tana da ƙaurin ha'inci, amma a Ingilishi sai daga wajen ƙarni na 16 ne aka fi amfani da ita da ma'anar raini.

Yau da wuya ka ji ta ita kaɗai, sai a manne da sunan haja, kamar yadda muke cewa mai goro ko mai gishiri. "Ironmonger" mai sayar da ƙusa, kwaɗo da sauran kayan ƙarfe ne, kuma babu zagi a ciki. Amma idan hajar ba ta taɓuwa da hannu, zagi ne: "rumourmonger" mai baza jita-jita, "scaremonger" mai tsorata jama'a.

Kada ka kira ɗan kasuwa "monger" kawai a wasiƙar ciniki. Rubuta "trader" ko "merchant".