Amsa: Ina za a je kallon tsuntsaye a hutun hunturu?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana Jidda, kana neman inda za ka kai yara su ga tsuntsayen bakin teku. Ni dai Farasan zan ce maka.

Tsibirai ne a Bahar Maliya daura da garin Jizan da ke kudu maso yammacin Saudiyya, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa su cikin wuraren da ake kare halittunsu. Jirgin ruwa daga Jizan kyauta ne, amma ka kama gurbi tun da wuri, don yana cika lokacin hutu.

Daga Disamba zuwa Fabrairu zafi ya sauka, baƙin tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai da Asiya sun iso. Ka ɗauki hayar kwalekwale zuwa dajin Ƙandal, inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri. Akwai kwasakwasa da zalɓe, ga shaho mai kamun kifi. Wannan shahon kaɗai ya isa kallo, yadda yake faɗowa ruwa da ƙafafu ya sure kifi.

Barewar Farasan kuwa sai da sassafe, tana da tsoro. Ka riƙe madubin hangen nesa, ka kuma ja wa yara kunne kan hayaniya.